Tur Ɗin Almu a Sararin Sama

A tashar motar Buza, in ka ji wata murya ta danne ƙarar injin, ba sai ka waiwaya ba, Almu ne. Shi ke riƙe da tur, wato shi ke faɗin motar da za ta yi lodi yanzu da wadda za ta jira. Aikin ke nan gaba ɗayansa: ta ɗaya ta cika ta tashi, ta biyu ta matso. Amma in Almu ya buɗe baki yana ba da labarin wannan aiki, sai ka rantse shi ke fito da rana da safe ya mayar da ita da yamma. Bai taɓa tuƙa mota ba. Jirgin sama kuwa sau ɗaya ya gan shi kusa, shekarar da aka zo feshin fara, kuma waɗanda ke wurin sun ce ƙarƙashin kamiyo, babbar motar kaya, ya shige.

Bana sai ga babbar kujera ta faɗo. Alhaji Yunusa, shugaban tasha, ya ce gwiwoyinsa sun gaji, sandika, wato ƙungiyar shoferori, ta nemi wani. Mutum biyu suka fito: Almu, da Muntari, wani ƙaton shofer mai layin Madawa, wanda bakinsa ya fi birkinsa kamawa. Almu ya ɗauki abin da zafi ƙwarai, don ya riga ya gaya wa surukansa kujerar tasa ce. Ko'ina ya tsaya magana ɗaya yake yi, yana dukan ƙirji:

"Ni Almu, tun da nika tasha ban taɓa tsallake layi ba! Na ɗaya na ɗaya na, ko ubana na a na biyu!"

Jama'a su gyaɗa kai. Wasu dai sukan yi mamakin yadda gidan mai riƙon tur ke yawan ƙamshin zabo, amma mamaki ba shaida ba ne.

A bakin tasha akwai bitik ɗin Nasiba, inda ake fotokopi da cajin salula. Taubashiyar Almu ce, don haka duk abin da ta ga dama tana gaya masa, ba shi da ikon yin fushi. Wata rana da tsakar rana ya shiga karɓar salularsa, ya tarar da Mushe Zakariya'u, malamin lakwal, wato makarantar boko (irinsu ake ce wa Mushe), zaune gaban ordinater, wato kwamfuta, ya ƙura ido. A gilashin ga ƙasa an yanka ta gida-gida kamar ta dara, ga ƙananan jirage shuɗɗa a nan, jajaye a can.

"Mushe, mi a wanga kuma?"

"Wasan yaƙin jirage na. Shuɗɗan naka, jajayen na na'ura. Tur-tur aka yin shi. Ka motsa naka, ka yi harbi in da hali, ka danna nan ka ce ka ƙare, sannan ita ta yi nata."

Almu ya ajiye salula a hankali.

"Ka ce mi? Tur?"

"Tur."

"To ai wasana na! Wa ab ba ku izinin yin tur garin ga ba ku hwaɗa min ba?"

Nasiba ta ce, "Ga shi nan ya hwara. Almu, kai da ko keke sai an riƙe maka?"

"Ke yi kurum. Mota da jirgi dut ƙarhe na. Wanda ya iya jera motoci sittin ran kasuwa, waɗanga ƙwarin za su gagare shi? Wallai da hannun hagu nika kashe jajayen ga, ina shan shayi da na dama."

Rashin sa'ar Almu, Muntari na tsaye a lungu yana jiran a yi masa fotokopin takardun mota. Ya matso yana murmushi irin wanda bai da kyau.

"Da hannun hagu, ko?"

"Ka ji da kunnenka."

"To mi za mu wahal da sandika? Ran zaɓe a kai na'urar ga gidan matasa, a haska ta ga bango, kowa shi gani. In ta kashe ka, ka janye. In kai ka kashe ta, ni Muntari da hannuna zan zaɓe ka."

Mai hankali zai ce bari in yi shawara. Almu kuwa sai da ya fita bakin ƙofa ya kira mai shayi da mai tsire da ƴan kamasho su zo su yi shaida. Kafin la'asar labari ya kai Keita.

Washegari aka fara koyo. Mushe Zakariya'u ya ɗora masa hannu kan ɗan abin da ake ja a tebur don nuna wuri a gilashi, ya ce ya kai jirginsa sama. Almu ya ɗaga abin sama da hannu har igiyarsa ta tsinke daga jikin na'ura, yana cewa "tashi, tashi!" Nasiba ta ƙwace, ta gyara, ta gaya masa in ya ƙara sai ta ɗaure masa hannu a ƙafar tebur.

Suka zo wurin lodi. Mushe ya nuna masa cewa kafin a tashi ana zaɓa wa jirgi kaya: ga harsashi, ga bom, ga tankin isans, wato fetur, na ƙari, amma kowane yana da nauyi, sai a ɗauki daidai aikin.

"Daidai aiki?" in ji Almu. "Ga huska hili, ga hiffike hili, ka ce in tashi? Mushe, kai lakwal ka sani. Ba a tashi sai an cika."

Ya loda bom, ya loda tanki, ya ƙara bom a kan tanki. Na'ura ta kunna jan rubutu tana gargaɗi, ya ce ai jandarma ma haka suke yi, daga baya su bari a wuce. Ya tambaya ko akwai igiya a ɗaura wani abu a bisa. Da aka ce babu, ya yi tsaki ya ba jirgi hanya. Jirgi ya yi ta gudu a ƙasa, ya gudu, ya gudu, hanya ta ƙare, ya shiga tudu ya kama wuta.

"A tura shi!" Almu ya miƙe tsaye. "Ina aparanti, ina yaran mota? Ku tura!"

Mai shayi da ke leƙe ta taga ya zubar da rabin butarsa don dariya.

Na biyu da na uku ma haka suka ƙare. Almu ya ce laifin masu gyaran hanya ne, sun yi ta gajera. Da aka sake sabon wasa ya rantse ba zai tashi ba sai an kawo masa babban jirgi mai ɗaukar kaya sosai. Ya yi ta danna wurin ƙare tur ba tare da ya motsa komai ba, wai yana barin na baya su wuce kamar yadda ake yi a tasha in motarka ba ta cika ba. Jajayen suka karɓi kyautar hannu biyu. Suka zo a natse suka zuba wa jiragensa wuta suna nan ajiye.

"Kai! Wane irin rashin kunya na wanga? Na ba su tur don mutunci, su zo su ƙone min gareji?"

"Yaƙi na, Almu," in ji Mushe.

"Ko yaƙi na, ba a sallama?"

Duk da haka da ya fito bakin tasha sai ya gaya wa mutane ya kakkaɓo jirage sun fi ashirin. Aka tambayi Nasiba, ta ce gaskiya ne, ita ma ta gani, kuma dukansu nasa ne.

Abin ya bi shi har gida. Ya share tsakar gida ya zana gidaje da sanda, ya kwaso kwanonin matarsa Biba ya jera su jiragensa, tukwanen ƙasa kuma abokan gaba. Yana tsugune yana ba da oda, yana "diiim" da baki, ya ɗauki kwano ya kai wa tukunya hari daga sama. Tukunyar kuwa ta miya ce, kuma da miyar a ciki.

Biba ta fito daga ɗaki ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Malam, mi nika gani?"

"Nasara, Biba. Wagga ita a ta hwarko da ta hwaɗi hannuna."

"To yau sai ka ci tuwo da nasara."

Maƙwabta suka leƙo ta katanga. Wata tsohuwa ta tambaya ko a kira mai ruƙiya. Almu ya ce musu su yi ta kallo, nan gaba sai sun nemi izini kafin su gan shi.

Sai kuma ya ga bai dace matuƙin jirgi ya yi ta yawo da hula da riga kamar kowa ba. Ya ari hular kwano wurin wani ɗan kabu-kabu mai haya da babur, ya ari baƙin gilashi wurin mai walda, ya samo wata jibgegiyar rigar sanyi a gwanjo. Ana tsakiyar bazara, ko ƙadangare na neman inuwa, Almu na tsaye tsakiyar tasha cikin wannan kaya gumi na bin ƙafarsa, yana kiran fasinjan Tabotaki. Da gilashin walda ba ya ganin komai, har ya kama hannun wani Bafillace ya cusa shi motar Tawa, mutumin da ya zo raka ƙanensa kawai. Sai da aka yi nisa aka ji ihunsa.

Koyo dai bai tsaya ba. Da ƙyar Mushe ya shawo kansa ya rage kaya, jirage suka tashi. Ranar Almu ya zagaya tasha yana karɓar barka. Amma da suka hau sama sai ya jera su ɗaya bayan ɗaya, hanci a wutsiya, ya ba kowane lamba.

Mushe ya ce, "Ka raba su. Guda shi hau bisa, guda shi zagaya ta gehe, ku sa ja tsakiya. Kuma daga baya aka harbi, inda ba shi ganin ka."

"Daga baya? Ni Almu in bi mutum ta baya awa ɓarawon akuya? Kuma ka ce in watsa layi? Layi shi a mutunci, Mushe."

Jajayen ba su san mutunci ba. Suka zagayo ta wutsiya suka fara da na ƙarshe, suka bi layin nan tsaf har na ɗaya, ba su tsallake ko guda ba.

Nasiba ta ce, "Ka gani, su ma sun iya tur."

"Wa a shugaban tasharsu? A ba ni lambarshi in kira shi!"

Wanda ya fi ba mutane dariya shi ne na isans. Almu ya lura akwai wata alama da ke raguwa, aka gaya masa mai ne. Ya yi murmushin manya. Ya ce duk shoferan da ya san hanyar Keita ya san ba a ƙona mai a gangara: kana kaiwa kan tudu sai ka kashe injin, ka sa pomor, wato ka cire giya, mota ta gangara da kanta. Jirgi kuwa ai yana kan tudun da ya fi kowane. Mushe ya riƙe masa hannu, Almu ya fizge. Ya kashe injin jirage ukun a tur ɗaya.

Sun gangara kam. Babu wanda zai ce ba su gangara ba.

"Ka ga ko ɗigo ban ƙona ba," in ji Almu, yana kallon hayaƙi uku a gilashi.

Zaɓe ya matso, kuma duk garin an san inda za a kwana. Biba ce abin ya dama. Ta yafa mayafi ta tafi bitik ta sami Nasiba, ta zauna kan benci kamar za ta yi kuka.

"Nasiba, ki taimake ni. In anka kada shi gaban mutane, ni ka shan ta. Ko rijiya ba ni iya zuwa."

Nasiba na son ta ga an yi wa taubashinta dariya, amma ba ta son ganin hawayen Biba. Ta kira Mushe suka yi shawara. A cikin wasan akwai matakin ƴan koyo, inda na'ura ke loda maka kaya da kanta, ta tashi jiragenka, ta hana ka kashe injin. Abokin gaba guda ɗaya ne tak, wani tsohon jirgin kaya mai tafiya kamar jakin da ya sha rana, ba ya ma harbi. Abin da ake so kawai ka harbo shi kafin ya ƙetare filin ya fita. Mushe ya ce ko makaho aka ba wannan zai ci. Suka yi shiru da maganar, ba su gaya wa Almu ba.

Ranar zaɓe bayan la'asar gidan matasa ya cika har tagogi. Shoferori a gaba, Alhaji Yunusa a kujerar roba da sandarsa, mata a gefe, masu tallan gyaɗa na kutsawa. Aka haska wasan a farin bango. Almu ya shigo cikin rigar sanyinsa, ya ce sam ba zai fara ba sai an ba shi makirfo, don jama'a su amfana da ilimi. Aka ba shi. Wannan makirfo, da Biba ta san abin da zai jawo, da ta haɗiye shi.

"Jama'a, ku buɗe ido. Yau za ku ga yadda aka tur. Ga nawa ukku, ga lamba: ɗaya, biyu, ukku. Kowa shi tsaya wurinshi. Ga abokin gaba..." Ya dubi bango ya ga ja guda ɗaya. "Kun gani? Sauran sun ji sunana sun gudu!"

Aka yi tafi. Muntari ya naɗe hannu yana taunar goro.

Aka fara. Na ɗaya ya yi harbi, ya sami gajimare. Almu ya ce gargaɗi ne. Tur na gaba ya juya layin gaba ɗaya ya nufi inda ja ba ya nan, ya ce dabara ce. Ya harbi tudu, ya harbi wani kogi, sau ɗaya saura kaɗan na biyu ya cire wa na ɗaya wutsiya. Tsohon jirgin nan kuwa yana ta tafiyarsa gida ɗaya-ɗaya, bai ma san ana yaƙi da shi ba. Mata suka fara yi masa kirari. Wani ya ce a ba shi ruwa ya sha, ya sha hanya.

Can dai, don tsabar yawon da Almu ya yi da layinsa, sai ga ja ya zo ya gifta daidai gaban hancin na uku. Gida ɗaya ya rage masa ya fita daga fili. Na ɗaya da na biyu sun riga sun wuce shi, sun ba shi baya. Mushe ya sunkuyo ya raɗa masa:

"Yanzu na ko babu. Na ukku kaɗai ka iya samun shi. In ka bari tur ga ya wuce, jan ya hita, ka hwaɗi."

Zaure ya ɗauka: "Harbe shi! Almu harbe shi!"

Almu ya ɗora hannu zai danna, sai Muntari ya miƙe.

"Tsaya! Wanne za ya harbi?"

"Na ukku."

"Na ukku? Na ɗaya bai yi ba, na biyu bai yi ba? Jama'a, ba wanga na ka cewa ko ubanshi na a na biyu ba shi tsallake layi ba?"

Aka fashe da dariya. Mushe ya fara bayani cewa a wasan nan kana iya fara motsa duk wanda ka so, amma ba wanda ya saurare shi. Alhaji Yunusa ya buga sanda a ƙasa.

"Maganar Muntari na bisa hanya. Kai da bakinka ka ba su lamba, Almu. Mu ga yadda za ka yi."

To a nan ne fa. Da Almu ya yi shiru ya ce an kama shi, da ya faɗi wasa ya tsira da sauran. Amma an tambaye shi yadda zai yi, gaban mutum ɗari, ga makirfo a hannu, kuma abin da aka tambaya shi ne abu guda a duniya da ya iya da gaske. Ya tura gilashin walda kan goshi, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Wanga shi a abin wuya? Kai Muntari, shi ya sa ba ka isa shugabanci ba. Ku saurara in koya muku. Ba a tsallake layi, gyara shi aka yi. In kana son na ukku shi wuce, sai ka zagaya na ɗaya, ka shuri tayarshi, ka girgiza kai, ka ce wagga ba ta kai Madawa, ba ka ɗaukar alhakin rayukan mutane. Shi tahi wurin mai faci. Ya hita layi da ƙahwarshi, kai ba ka hid da shi ba."

Ya danna, ya tura jirgi na ɗaya ya koma sauka.

Zauren ya yi shiru. Almu ya ɗauka sha'awa ce ta kama su, sai ya ƙara murya.

"Na biyu kuma sai ka ce shi kawo takardu. Ka juya su, ka juya, ka ɓata rai, ka ce tambarin ga ya kusa mutuwa, kuma ka ji jandarma sun tsare hanya yau. Da gudu za shi bar maka wurin, har shi gode maka!"

Ya danna, na biyu ma ya juya.

Biba ta ja mayafi ta rufe fuska. Nasiba na yi masa alama da hannu ya yi shiru, ya ɗaga mata yatsa wai ta bari ya ƙarasa.

"To kun gani? Na ukku ya zama na ɗaya, ba wanda anka zalunta. Shi kuma ya san abin da ya kamata, da marece sai ka ga zabo ya iso gida. Shekara da shekaru haka nika yi, ko mutum guda bai taɓa ganewa ba!"

Ya danna. Wuta ta fita daga hancin na uku, tsohon jirgin ja ya tarwatse, na'ura ta saki kiɗan nasara. Almu ya yi tsalle ya juyo da hannu biyu a sama.

Ba wanda ya tafa. Kiɗan kaɗai ke tashi, shi ma Mushe ya miƙa hannu ya kashe shi.

Wani dattijon shofer mai layin Keita ya miƙe a hankali.

"Almu, ashe tayata lahiya lau take? Sabuwa nis saya, ka sani. Tsohuwar na ba yara suna gara ta."

Wani daga baya ya ce, "Ni har Tawa nit tahi sabunta takardu. Mutumin ohis ya dube ni ya ce ko ban iya karatu ba a karanta min!"

"Ni sau nawa kana ce min jandarma!"

"Ni ka ce hitilata guda ta hi guda haske!"

A can kusa da ƙofa aka ga Mubarak, wani shofer da kowa ya san yana kiwon zabi, yana lallaɓawa zai fita. Aka riƙo rigarsa aka zaunar da shi.

Sai a lokacin Almu ya dubi makirfon da ke hannunsa kamar yanzu aka ba shi.

"A'a, jama'a, ku gane. Misali na nika badawa. Maganar jirage ta."

"Jirgi na cin zabo?" in ji Muntari.

"Amma ai na ci! Ku duba bango! Alhaji, ka gani da idonka, na ci!"

Alhaji Yunusa ya dogara sanda ya tashi, gwiwoyi na ƙara.

"Ka ci, Almu. Ka ci jirgi, ka ci zabi. Saura mu ga ko ka ci zaɓe. Masu son Almu su ɗaga hannu."

Hannu ɗaya ne ya tashi a duk zauren, ƙato, mai kauri. Na Muntari ne.

"Alkawali na ɗauka," ya ce. "Ku shaida na cika."

Dariyar da aka yi har masu awo a kasuwa sun ji ta. Aka ce masu son Muntari, hannuwa suka tashi kamar gero a gona, har da na masu tallan gyaɗa da ba su da ƙuri'a. Nan take sabon shugaba ya ce riƙon tur ma an sauke wa Almu, ya je ya huta, ya yi wa tasha hidima da yawa. Nasiba ta zo wucewa ta gabansa da na'urarta a hannu, ta tsaya ta gaya masa a kunne cewa jirgin da ya harbo na ƴan koyo ne, ko bindiga ba shi da ita. Ni a ganina wannan bai zama dole ba, amma taubashiya ce.

Da safe Almu ya ga garin ya yi masa ƙunci. Ya ce wa Biba zai je Tabotaki gaida yayarsa, ya kwana biyu har ƙura ta lafa. Ya saɓa jaka ya shiga tasha ta baya, ya nufi motar da ke lodi. Shoferan ya gan shi, ya fito da sauri, ya zagaya motarsa, ya shuri taya, ya girgiza kai.

"Wayyo Almu, wagga ba ta kai ka Tabotaki. Ba ni ɗaukar alhakin ranka."

Alhali fasinja na ta shiga. Almu ya matsa ga ta biyu. Mai ita ko tashi bai yi ba daga kan benci.

"Tambarina ya kusa mutuwa, kuma na ji jandarma sun tsare hanya. Don kai nika jin tsoro."

Ta uku ta Mubarak ce. Almu ya ji sanyi a ransa, ga nasa. Mubarak ya buɗe masa ƙofa da fara'a, ya ce tayarsa sabuwa, takardunsa cikakku, ga wuri a gaba kusa da taga. Almu ya ɗaga ƙafa zai shiga, sai Mubarak ya tare ƙofar da hannu, ya dubi jakarsa, ya dubi hannuwansa.

"Haba Almu. Hannu wohi ka zo? Ina zabon?"

Masu zuwa kasuwa da suka fito daga ƙauyuka ranar sun ce sun gamu da shi a kan hanyar Tabotaki, rana ta take, yana tafe a ƙasa da jaka a kai. Duk wanda ya tsaya ya tambaye shi lafiya, sai ya ce lafiya lau, shi ne dai ya ƙi motar da kansa, don mutumin da ya saba da jirgi mota tana sa shi jiri.